Gawo, Bagaruwa, Dakwara Ko Dushe: Wanne Za Ka Shuka, Kuma Ina Gaskiyar Batun Sinadarin Maye?

Mutumin Kano da ya sayi fili a bayan gari, wajen Gezawa ko Minjibir ko Dawakin Tofa, bai kuma shirya gini ba, abin da ake fara ba shi shawara shi ne ya sa itace, don fili ya san yana da mai shi. Da ya tambayi wane itace, sai a ce masa na ƙaya, domin su ne ke jure rani ba tare da an bi su da bokiti ba. Daga nan rabuwar kai ke farawa. Wani ya ce dakwara saboda kuɗin ƙaro, wani ya ce bagaruwa saboda majema, mai kiwo ya ce gawo. Ana cikin haka sai yaron gida ya nuna masa a waya cewa dangin akeshiya, wato irin waɗannan itatuwan ƙaya, suna ɗauke da sinadarin da ke juya ƙwaƙwalwa, sai ya shiga tunanin ko zai shuka abin da zai jawo masa hukuma, ko ya zautar masa da raguna.

Kafin a kwatanta, sai an warware rikicin suna, don shi ne tushen rabin tsoron. A da masana tsirrai suna kiran itatuwa sama da dubu da sunan Acacia, daga Ostareliya har Afirka da Amurka. A taron masana na Biyena a 2005, wanda aka sake tabbatarwa a Malbon a 2011, aka bar wa na Ostareliya sunan, namu aka raba su. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dushe Vachellia seyal, farar ƙaya Vachellia sieberiana, dakwara Senegalia senegal. Gawo kuwa tun kafin nan an ware shi da sunan Faidherbia albida. Saboda haka idan ka karanta cewa akeshiya tana da kaza, tambayar farko ita ce: wacce daga ciki, kuma ta wace nahiya?

Ma'aunan da za a bi

Abu biyar ne za su raba gardama. Na farko ƙasar filinka: jigawa ce mai yashi, ko laka ce mai riƙe ruwa. Wannan shi ne ma'aunin da ba ya karɓar roƙo. Na biyu abin da itacen zai ba ka da kuma inda za ka sayar. Na uku shekara nawa za ka jira, da shekara nawa zai rayu. Na huɗu wahala da kashe kuɗi, wanda yawancinsa ba a iri yake ba, a shinge da ban ruwan shekarar farko yake. Na biyar hatsari ga mutum da dabba, kuma a nan ne batun sinadaran maye ya shigo. Tun da shi ne ya fi rikita mutane, bari a fara da shi.

Batun alkaloyid

Alkaloyid suna ne na rukunin sinadarai masu ɗauke da naitirojin da tsiro ke yi don kare kansa daga ƙwari da dabbobi. Yawancinsu ɗaci gare su. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikin goro da nikotin ɗin taba duk 'yan wannan gida ne. A dangin akeshiya iri biyu aka fi magana a kai.

Na farko su ne tiriftamin, wanda fitacce a cikinsu shi ne DMT, mai sa mutum ganin abin da babu. Itatuwan da aka tabbatar suna da shi da ɗan yawa ba namu ba ne: Acacia maidenii da Acacia obtusifolia da Acacia phlebophylla da Acacia acuminata na Ostareliya ne, Acacia confusa kuwa ta Taiwan da Filifin ce. A namu fa? Wani bincike da aka buga a 1975 kan itatuwan arewacin Sudan ya ruwaito burbushinsa a ganyen dakwara da na kumbar shaho, amma adadin bai kai kashi 0.01 cikin ɗari ba. Wannan burbushi ba ya bugar da akuya, ba ya bugar da mutum, kuma ƙaron da ake sayarwa ba ganye ba ne: ɗanko ne da duniya ke zubawa a lemon kwalba da alewa da ƙwayar magani a ƙarƙashin lamba E414. Ta fuskar doka, DMT yana cikin jeri na ɗaya na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan ƙwayoyin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a Najeriya hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ce ke bin irin wannan. Abin da doka ke nema shi ne sinadarin da wanda ke sarrafa shi, ba manomin da ya dasa dakwara don ƙaro ba.

Na biyu su ne fenetilamin, irin su tayiramin. Waɗannan su ne suka taɓa yi wa makiyaya ɓarna ta gaske, amma a jihar Tekzas ta Amurka da arewacin Meziko. Akwai wata ƙaya a can da ake kira Senegalia berlandieri. Idan fari ya yi tsanani tumaki da awaki suka shafe watanni ba su da abin ci sai ita, ƙafafunsu na baya sukan saki, su riƙa tangaɗi, bunsuraye kuma barbararsu ta ragu. Darasin da ke ciki ga mai kiwo a Kano ba sunan itacen ba ne, yanayin ne: dabba ɗaya, ganye iri ɗaya, wata da watanni.

Akwai kuma labarin da ya kamata masu sayen maganin rage ƙiba na waje su sani. A ƙarshen shekarun 1990 wasu rahotanni sun ce an sami amfetamin da meskalin a cikin Acacia rigidula, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da haka ba. Duk da haka kamfanoni suka riƙa rubuta sunan itacen a jikin roba. Da masanan hukumar abinci da magunguna ta Amurka suka gwada, sai suka tarar da wani sinadari mai kama da amfetamin da ake kira BMPEA a cikin da yawa daga kayan, alhali babu shi a itacen kansa. Haɗa shi aka yi a masana'anta aka laƙaba wa itace. A 2015 hukumar ta aika wa kamfanonin takardun gargaɗi. Idan ka ga roba a kanti da wannan suna, hatsarin yana cikin robar ne.

To, idan maye ba shi ne matsalar itatuwanmu ba, mene ne? Abu biyu: tanin, wato sinadarin da ke sa baki ya yi bauri, da kuma sayanayid, dafin nan da manomi ya sani a gyauron dawa. Za a ga inda kowanne ya faɗo.

Gawo

Gawo itace ne mai saɓa wa jama'a: da damina yana tsaye tsirara, da rani ya yi kore shar. Wannan hali shi ne dukiyarsa. Ganyensa yana zuba daidai lokacin shuka, ya zama taki, inuwarsa ba ta danne gero ko dawa, saiwarsa kuma tana tara naitirojin a ƙasa. Dabbobin da ke fakewa a gindinsa da rani su ma suna barin nasu takin. Shi ya sa hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsayi da kauri, abin da duk wanda ya bi hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure da damina zai gani da idonsa. A Damagaram har yau ana ba da labarin sarakunan da suka hana sare shi da hukunci mai tsanani.

Yana son ƙasa mai zurfi, yashi ko jigawar bakin rafi, inda doguwar saiwarsa za ta nutsa ta tarar da ruwa. Inda akwai marmara ko fa a kusa da sama, zai tsugune ya ƙi girma. 'Ya'yansa masu lanƙwasa, ruwan lemo, suna faɗowa a tsakiyar rani lokacin da harawa ta yi tsada, kuma furotin ɗinsu ya haura kashi 10 cikin ɗari. Masu kiwon turke suna saye. A niƙa su kafin a ba dabba, domin ƙwayar da ke ciki tana da tauri, idan ba a fasa ba haka za ta fita a kashi ba ta amfani jiki ba.

Aibinsa haƙuri. Shekara biyu ko uku na farko kamar ba ya motsi, don ƙasa yake tafiya ba sama ba. 'Ya'ya sai wajen shekara ta 7 zuwa sama, amfanin taki na sosai kuwa sai ya buɗe rassa, abin da kan kai shekara 15. Amma yana iya haura shekara 70. A dasa a tazarar mita 10 da 10, wato 100 a hekta, daga baya a rage idan sun haɗe. Ta fuskar hatsari shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Babban abokin gabarsa mai yanke rassa ne da gatari: idan aka aske shi duka a shekara ɗaya, sai ya yi shekaru bai yi 'ya'ya ba. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa a lokaci guda.

Bagaruwa

Ita ce ta Kano ta ainihi, don da ita aka jeme fatar jar akuyar da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Har gobe majeman gargajiya da dukawan da ke kai kaya Ƙofar Wambai da Kurmi suna buƙatarta, ko da yake manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai sun fi dogara da sinadarin kurom. Kasuwarta ta biyu masu maganin gargajiya ne, ta uku masu tawadar allo.

Laka take so, da bakin fadama, kuma tana jure kwanciyar ruwa na makonni. A busasshiyar jigawa tana rayuwa amma 'ya'ya kaɗan. Tana saurin girma fiye da gawo, ta fara 'ya'ya a shekara ta 4 zuwa ta 6, itacenta mai tauri ne, yana yin ƙota da gawayi mai daɗewa. Darajar 'ya'yan tana cikin kwasfa, inda tanin ke kai wa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyi, wani lokaci fiye. Wanda zai sayar wa majema ya kula da abu uku. A kaɗo su sun ƙosa amma ba su kwana a ƙasa ruwa ya taɓa su ba, don tanin yana narkewa ya bi ruwa. A shanya a kan tabarma, ba a kan turɓaya ba. Kuma kada a jiƙa dakakkiyar bagaruwa a cikin garwa ko tukunyar ƙarfe mai tsatsa: tanin da ƙarfe idan suka haɗu baƙi suke yi, fatar da ake so ta fito fari-fari sai ta fito da dabbare-dabbare. Tukunyar ƙasa ko roba ita ce daidai.

Hatsarinta shi ne alherinta. Tanin ɗin da ke kama furotin na fata ya hana ta ruɓewa, haka yake kama furotin na abinci a tumbin dabba. Kaɗan yana da amfani, har yana rage tsutsar ciki, amma idan ya yi yawa dabba tana ci tana ramewa, kashinta ya bushe, mai ciki tana iya ɓari. Idan za a haɗa a abinci, a fara da ɗan kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da take ci a yini, kuma a haɗa da dusa da kowa. Ga mutane ma haka. Kurkure baki da ruwanta saboda dasashi abu ne sananne, amma shan ta da kauri kullum yana ɗaure ciki, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, abin da mai jego da mai ƙarancin jini ba sa buƙata. Matan da ke yawan kama ruwa da ita su sani bushewar da take kawowa tana iya zama ƙananan tsagewa. Ga manomi kuma, bagaruwa ba ta zama lafiya da hatsi: inuwarta mai duhu ce da damina. Gefen gona ne wurinta.

Dakwara

Wannan ita ce ake yi wa kwaɗayi, kuma ita ce ta fi ba mutane kunya, don haka sai an tsaya a kanta. Ƙaronta shi ne lamba ɗaya a Najeriya, mai tauri, mai haske, wanda Sudan ke kira hashab. Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke can a Afrilun 2023 masu saye suka ƙara waiwayo Chadi da Najeriya. A nan gida Borno da Yobe da Jigawa ne cibiyarsa, akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa, Dawanau kuma na cikin wuraren da ake tara shi kafin ya tafi tashar jirgin ruwa.

Ga inda gizo ke saƙa: dakwara ba ta zubar da ƙaro sai ta sha wuya. Ta fi yin sa a inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 300 zuwa 500, a kan yashi, da zafi da iska mai bushewa. Birnin Kano yana samun wajen milimita 800 ko fiye. Ma'ana, a kudancin jihar, wajen Tudun Wada da Doguwa, za ta yi kyau a ido ta hana ka ƙaro. Wanda filinsa ke arewa, Ɗambatta ko Makoɗa ko Kunci, a kan tudu mai yashi, shi ne ke da hujjar gwadawa. Wanda ya dasa ta a fadama ko yana yi mata ban ruwa bayan ta kama, ya yi noman ƙaya.

Ana gane ta da ƙayarta uku-uku: ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, biyun gefe suna kallon sama, furenta kuma fari ne dogo kamar zangarniya. A tabbatar da wannan kafin a sayi dashe, don a leda duk yaran ƙaya kama suke yi. Tazarar mita 4 da 4 tana ba da itace 625 a hekta. Ana fara tsaga a shekara ta 4 ko ta 5, ƙarfinta yana tsakanin shekara 7 zuwa 15, bayan 20 zuwa 25 sai ta ja baya.

Lokacin tsaga shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, idan kusan rabin ganyen ya zube. A zaɓi reshen da ya kai kaurin hannu, a ɗaga ɓawo faɗin yatsa biyu, a ja shi tsawon kamu ɗaya ko ɗan fiye, ba tare da wuƙa ta shiga naman itacen ba. Idan ta shiga, gara da ƙwaro sun sami ƙofa. Idan aka zagaye reshen duka, ya mutu. Bayan mako 4 zuwa 6 a yi tsinka ta farko, daga nan duk bayan mako biyu har zafin bazara ya kawo hadari. A tsinka da hannu daga jikin itace, a shanya a inuwa, a zuba a buhun algarara. Leda tana sa shi gumi ya dunƙule.

Yanzu lissafi. Matsakaicin abin da itace ɗaya ke bayarwa a shekara wajen giram 250 ne, wasu ba sa ba da komai, wasu su ba da kilo. Itace 625 sau giram 250 ya kama kilo 156 da ɗoriya a hekta. Ka je Dawanau ka tambayi farashin kilo na lamba ɗaya a wannan makon, ka ninka, ka cire ladan masu tsaga da mai gadi, don ƙaro a jikin itace kayan kowa ne idan ba ka kusa. Abin da ya rage shi ne gaskiyar ribar, ba abin da mai sayar da dashe ya faɗa ba. Abin da ke ceton lissafin shi ne a shekara huɗun farko ana iya shuka wake ko gyaɗa ko gero a tsakanin layuka. Ganyenta da 'ya'yanta abinci ne mai kyau ga awaki da raƙuma, kuma burbushin da aka ambata a sama ba ya hana hakan.

Dushe

Ƙanen dakwara a kasuwa, yayanta a juriya. Ƙaronsa lamba biyu ne, mai saurin marmashewa, launinsa ya fi duhu, kuɗinsa ƙasa da na lamba ɗaya. Amma yakan fito da kansa ta tsagewar ɓawo ba sai an yi masa aiki sosai ba, kuma yana rayuwa a baƙar laka mai dararewa da rani ta cika da ruwa da damina, inda dakwara za ta ruɓe. Ana gane shi da jan gari a jikin ɓawo, da dogayen ƙayoyi farare biyu-biyu, da fure rawaya mai dunƙule. Dabbobi suna cin ganye da ɓawo. Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne cakuɗa ƙaronsa da na dakwara don buhu ya cika: mai saye yana ganewa, sai ya sayi duka a farashin lamba biyu.

Farar ƙaya da baƙin itatuwa

Farar ƙaya tana da inuwa da 'ya'yan da shanu ke so, amma ita ce ke da batun sayanayid. Ganyen da aka sare ya yi yaushi, da sabon toho bayan fari, su ne masu hatsari, musamman ga dabbar da ta kwana da yunwa. Alamar tana zuwa da sauri: haki, rawar jiki, tangaɗi, dasashi ya yi ja wur, kuma dabba tana iya mutuwa cikin awa ɗaya. Wannan aikin likitan dabbobi ne na gaggawa, akwai allurar da ke karya dafin idan an kai da wuri. Rigakafi shi ne a bar abin da aka sare ya bushe ƙarau, kuma a fara ba dabba ciyawa kafin a sake ta a kansa.

Na Ostareliya kuwa galibinsu ana gane su nan take: ba su da ƙaya, ganyensu falle ɗaya ne mai faɗi, ba ƙanana jere kamar na tsamiya ba. A yankin Maraɗi an daɗe ana shuka Acacia colei, ana soya ƙwayarta a niƙa a haɗa da garin gero, bisa shawarar kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na garin. Tana ba da iri cikin shekara biyu, tana tare iska, tana ba da makamashi, amma ba ta cika wuce shekara goma ba kuma ba ta ƙaro. Ƙa'idar da ta dace da duk baƙon itace ita ce kada a ɗauki amfanin bagaruwa a ɗora masa. Kakanninmu sun gwada ɓawon bagaruwa shekaru aru-aru, ba su gwada na wanda aka kawo jiya ba, kuma a cikin wannan dangi ne masu alkaloyid da yawa suke. Haka nan ƙayar Prosopis juliflora da ta mamaye wurare a yankin tafkin Chadi: ba akeshiya ba ce, ba kuma kiryarmu ba ce, amma ita ce ke da alkaloyid ɗin da ke lalata jijiyoyin muƙamuƙi. Saniya ko akuyar da ta daɗe tana cin 'ya'yanta zalla sai bakinta ya karkace, harshe ya zazzago, ta kasa tuƙa.

| Itace | Ƙasa | Amfani | Fara samu | Daɗewa | Hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gawo | Yashi mai zurfi | Taki, abincin dabba | Shekara 7 zuwa sama | Fiye da 70 | Kaɗan |
| Bagaruwa | Laka, fadama | Jima, magani, gawayi | Shekara 4 zuwa 6 | Shekaru da dama | Yawan tanin |
| Dakwara | Tudu mai yashi | Ƙaro lamba ɗaya | Shekara 4 zuwa 5 | 20 zuwa 25 | Rashin ƙaro a wuri mai ruwa, sata |
| Dushe | Baƙar laka | Ƙaro lamba biyu, makamashi | Wajen shekara 5 | Matsakaici | Ƙarancin farashi |
| Farar ƙaya | Bakin rafi | Inuwa, abincin shanu | A hankali | Mai daɗewa | Sayanayid a yausasshen ganye |
| Acacia colei | Yashi | Ƙwaya, tare iska | Shekara 2 | Ƙasa da 10 galibi | Kada a yi magani da ɓawonta |

Kuɗin farawa

Iri kusan kyauta ne idan ka tara da kanka daga itacen da ka ga halinsa. A zuba a ruwa, wanda ya taso ƙwaro ya cinye, a zubar. Na gawo da bagaruwa da dushe ɓawonsu tauri gare shi: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kai, a bar shi ya kwana, ko a ɗan ɓalli gefe da abin yanke farce, nesa da idon ƙwayar. Na dakwara sabo ruwan sanyi na kwana ɗaya ya ishe shi, ruwan zafi kashe shi yake yi. A shuka a ledar raino a Maris ko Afrilu, yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a riƙa ɗaga ledar duk mako biyu don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Gawo yana buƙatar leda mai tsawo, idan saiwarsa ta naɗe a gindin leda ba zai taɓa yin kirki ba. A dasa a Yuli bayan ƙasa ta sha, a rami mai zurfin santimita 40, a yage ledar. Dashen Satumba rabinsa ba ya ganin bazara. Sauran kuɗin duk na shinge ne, domin akuyar unguwa ɗaya tana iya gama da aikin wata huɗu kafin la'asar, kuma kariyar sai ta kai shekara biyu zuwa uku.

Wa ya dace da wanne

Wanda zai ci gaba da noma hatsi a filin, kuma yana nufin 'ya'yansa su gaje shi, gawo ne nasa, ko da kuwa ba shi zai sha inuwar ba. Kafin ma ya sayi dashe ya duba gonar: sau da yawa akwai kututturen gawo mai rai da ake sarewa duk shekara wajen sharar gona, idan aka bar masa toho ɗaya ko biyu zai riga na leda girma nesa ba kusa ba. Mai kiwon raguna na Layya a cikin gari, wanda gonarsa ta tallafa wa turke ce, shi ma gawo, da bagaruwa ɗaya ko biyu a kusurwa.

Mai fili a fadama ko ƙasar laka ya manta da dakwara. Bagaruwa a kan iyaka idan yana da hanyar majema ko masu magani a Kurmi, dushe idan ruwa yana kwanciya har ya hana komai. Mai neman kuɗin ƙaro ya cika sharaɗi uku: tudu mai yashi a arewacin jihar, hekta da dama ba fuloti ɗaya ba, da amintaccen mutum da ke kwana kusa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Idan ɗaya ya ɓace, ya rage buri ya dasa layi biyu na gwaji tukuna. Wanda kuma zai yi gini nan da shekara biyar, abin da yake so kawai iska ta daina kwashe masa ƙasa, Acacia colei ta ishe shi, za ta tsufa daidai lokacin da tifar yashi za ta iso. Idan filin cikin unguwa ne da yara ke wasa babu takalmi, ita ce kaɗai a jerin da ba ta da ƙaya.